Kurom a garin ƙura

Motar ba tawa ba ce. Ta wani Alhaji ce ɗan kasuwa a nan Damagaram, amma tun ranar da aka sauke ta ni nake kula da injinta. Ɗansa da ke zaune a Amurka ne ya saye ta, ta biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano, daga can aka ɗoro ta a bayan babbar mota har ƙofar gida. Jikinta ƙirar Ford ce ta 1932, kujerar mutum biyu, ba rufi. Injin kuwa na Chevrolet ne mai silinda 8, lita 5.7, wanda suke kira 350. A buɗe yake ta dama da hagu, kuma kusan duk inda ido ya sauka ƙyalli ne: murafun kan inji guda biyu, faifan matatar iska da ke zaune bisa karburato, altarnato, kawunan notoci, da bututan hayaƙi huɗu-huɗu da suka sauko ta kowane gefe.

Aikina na kullum Toyota ne da tsofaffin Fijo, waɗanda in za a wanke injinsu gazuwal ake watsa musu a bi da ruwa, shi ke nan. Wannan kuwa ba ta ɗaukar haka. Kuma maganar ba ta tsaya a kanta ita kaɗai ba. Duk mai babur ɗin da salansarsa ke ƙyalli, da mai tsohuwar Marsandi da ke ji da bambarta, abin ya shafe shi, don ƙarfen ɗaya ne, ƙurar ma ɗaya ce.

Irin waɗannan motoci da Amurkawa ke ce wa hot rod sun taso ne a kudancin Kalifoniya cikin shekarun 1930. Samari ne masu son gudu da ƙarancin kuɗi suke sayen tsofaffin Ford da araha, su ciccire duk abin da ke ƙara nauyi, su ƙara wa injin ƙarfi, su tafi busassun tafkuna na hamadar Mojave, irin su Muroc da El Mirage, su yi tsere. A 1932 Ford ya fito da inji mai silinda 8 a motar da talaka zai iya saye, shi ya sa har yau suke girmama ƙirar wannan shekara. Bayan yaƙin duniya na biyu sojoji suka dawo gida da sanin aikin ƙarfe da na inji, harkar ta bunƙasa. A 1949 suka fara tseren shekara-shekara a filin gishiri na Bonneville da ke jihar Utah. Chevrolet ya kawo ƙaramin injinsa mai silinda 8 a 1955, mai lamba 350 ya biyo baya a 1967, kuma saboda arahar kayan gyaransa ya zama shi aka fi dasawa a cikin tsofaffin jikunan Ford. Yawan ƙyallin kuwa ya ƙaru ne da aka fara kai motocin baje koli, kamar wanda aka soma a Oakland a 1950. Waɗancan samarin na hamada sun san ƙura. Amma injin irin na Alhaji an yi masa ado ne don zauren kallo da rufaffen garaji, wanda ya haɗa shi bai taɓa tunanin hunturun Damagaram ba.

Abin da nake so kowa ya fara riƙewa shi ne, kurom, wato wannan farin ƙyallin da ake gani, ba shi ne ƙarfen da aka ƙera murfin da shi ba. Shafe ne. Murfin baƙin ƙarfe ne aka goge shi sumul, aka tsoma shi a kwamin sinadari aka saki wutar lantarki. A aiki mai kyau hawa uku ake yi. Jan ƙarfe ake fara ɗorawa ya cike ƙananan ramuka, sai nikel, wanda shi ne ke ba da yawancin hasken kuma shi ke tare tsatsa, sannan kurom a can sama don ya hana nikel ɗin dushewa. Wannan hawan na sama yawanci kaurinsa bai wuce rabin maikiron ba, maikiron kuwa kashi 1 ne cikin 1000 na milimita. Gashin kan mutum yana kai wajen maikiron 70. Ke nan sai ka tsaga silin gashi gida 100 da ɗoriya kafin ka sami kaurin abin da kake gogewa. A kayan araha ma jan ƙarfen tsallake shi ake yi, nikel ɗin kuma a yi masa shafar rowa.

Mu kuwa hannunmu da gurza ya saba. Mun tashi muna ganin iyayenmu mata suna bin tukunyar alminiyom da toka da rairayi har ta yi fari fat, kuma daidai suke yi, don tukunya ciki da waje abu ɗaya ce, in ka kankare sama sabon ƙarfe ne zai bayyana. Kurom in ka kankare shi babu wani a ƙasa. Za ka ga wurin ya ɗan yi ruwan ɗorawa a tsakiyar farin mai sirkin shuɗi. Nikel ne ya leƙo. Daga nan babu man gogi a duniya da zai mayar da shi, sai an kwance ƙarfen an kai masana'anta an sake tsoma shi, kuma sinadarin da ake wannan aiki da shi guba ne sosai, ba abin da za a gwada a garaji ba ne.

To, a garin nan ba ruwan sama ke kashe kurom ba. Damina gajera ce, ƙarfinta Yuli da Agusta. Ƙura ce ke kashe shi, ita da hannun mai son ya share ta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana ɗebo hazo tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ta haɗa da namu rairayin, ta shimfiɗa a kan komai. Ƙwayar rairayi tana da taurin da za ta zana gilashi. In ka ɗora busasshen tsumma a kan murfin da ƙura ta kwanta ka murza, kowace ƙwaya layi take ja. Ran farko ba za ka ga komai ba. Bayan wata ɗaya ka fito da motar rana, sai ka ga ƙananan layuka zagaye-zagaye sun lulluɓe murfin, fuskarka da kake gani tar ta koma dishi-dishi.

Ɗan ƙanwata da ke koyon aiki a wurina, ranar da na riƙe masa hannu yana shirin shafawa, cewa ya yi, "Kawu, ai tsumman sabo ne fil." Na ce masa, "Sabo ne, ɗana. Ƙurar da za ta shiga tsakaninsa da ƙarfen fa?" Haka ma dattijon da ke gadi a gidan Alhaji, mutumin kirki, kullum da safe sai ya bi motar da ƙyalle don ganin ƙura a kanta yana damunsa. Zama na yi kusa da shi muka gaisa, na ce, "Baba, don Allah alfarma nake nema. In ka ga ta yi buɗu-buɗu ka bar ta haka, ƙurar da ke kwance ba ta ɓarna sai an ja ta." Ya ce, "To, Malam, kai ka san aikinka." Tun daga nan bai sake taɓa injin ba, kuma ina ganin wannan maganar ta fi duk man da na taɓa shafawa amfani.

Saboda haka da iska nake farawa. Injin iska irin na masu faci, a rage masa ƙarfi, a tsaya ɗan nesa, a hure daga sama zuwa ƙasa. Lungunan da iska ba ta fitar ba sai in bi su da buroshin fenti mai laushi, wanda na naɗe wa bakin ƙarfensa salatif don kada ya karce wani wuri. Radiyato kuma daga ɓangaren inji ake hura shi zuwa waje, ƙurar ta koma ta inda ta shigo. Wanda ba shi da injin iska, famfon keke ma yana rage aiki.

Kafin a ɗauko sabulu ko wani mai, sai an san wane ƙarfe ne wane, don ba duk mai ƙyalli ne kurom ba. A injin nan iri uku ne suke zaune wuri ɗaya. Murafun kan inji da faifan matata ƙarfe ne mai shafen kurom. Wuyan da karburato ke zaune a kai alminiyom ne zalla da aka goge. Wasu notocin da maɗauran tiyo kuma inoks ne, wato farin ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa. Gwaji biyu nake yi. Na farko maganaɗisu, a naɗe shi a ƙyalle don kada ya yi zane: yana kama ƙarfe mai shafe, ba ya kama alminiyom, yawancin inoks ma ba ya kama shi sosai. Na biyu, a ɗiga man gogi a farin tsumma a shafa a ɓoyayyen wuri. In tsumman ya yi baƙi ƙirin nan take, alminiyom ne. In ya fito da tsabtarsa, kurom ne. Ana buƙatar duka biyun, don gidan altarnaton motar nan alminiyom ne aka yi wa shafen kurom, maganaɗisu ba ya kama shi amma tsumma ba ya baƙi.

Amfanin sanin wannan shi ne kowane da abin da ke cinye shi. Alminiyom ba ya shiri da kanwa ko soda. Na san da yawa suna jiƙa kanwa su wanke maiƙo da ita, kuma tana cire maiƙon, amma tana barin alminiyom da farin dabbare-dabbaren da sai an sake goge shi daga farko. Garin sabulun wanki ma yana dusar da shi, ga ƙwayoyin da ba su narke ba suna karta. Kurom kuwa babban maƙiyinsa asid ɗin nan da ake wanke tayil da bayan gida da shi. Narkar da shafen yake yi kai tsaye. Ruwan asid na batir ma a nisanta shi da komai. Man gogin alminiyom yana da kaifi, don aikinsa ya ci saman ƙarfen, saboda haka tsummansa daban, ba ya zuwa kusa da kurom.

Lokacin aiki kuma da sassafe ne, a inuwa, injin ya kwana bai tashi ba. A bazara, Afrilu da Mayu, zafi yana haura digiri 40, ƙarfen da ke rana da hantsi ba ya taɓuwa da hannu. Ruwan da ya sauka a kan ƙarfe mai zafi kafin ka juya ya bushe ya bar tabo, sabulun ma ya bushe a kai. In Alhaji zai fita da ita ranar Sallah ko rakiyar amarya, tun kwana biyu kafin nan nake zuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin nan in aka yi shi ana duba agogo, tsumma ɗaya za a yi ta juyawa, kuma a nan ɓarnar take.

Batir nake fara cirewa, kan mai alamar ragi tukuna, don ko sifana ta taɓa jikin mota ba za a ga tartsatsi ba. Sai leda da roba: a rufe delko, wato mai rarraba wa buji wuta, wanda a wannan injin a can baya yake, a rufe altarnato, a rufe kwayil. Matatar iska sai na share gindinta da jiƙaƙƙen ƙyalle kafin in kwance, sannan in ɗaga ta a hankali, in toshe bakin karburato da tsumma mai tsabta in ɗaure da leda. Abin da ya faɗa wannan bakin cikin silinda ya nufa. Wayoyin buji ba na son cire su in ba dole ba. In ta kama, sai an sa wa kowace lamba, don jerin wutar injin nan 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, silinda masu lamba 1, 3, 5, 7 a ɓangaren direba, sauran a ɗaya ɓangaren. Waya biyu suka sauya wuri, motar za ta yi ta tari tana harbi ta karburato.

Maganar ruwa ba sai na yi wa ɗan Damagaram dogon bayani ba. Garin a kan dutse yake zaune, ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka mayar da babban birni Yamai a 1926, kuma har yau daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya, da Arungusa da Ganaram. Wanda ya sayi ruwa a hannun ƴan garuwa a tsakiyar bazara ba zai so ya ga ana malalar da shi a kan ƙarfe ba. Abin farin ciki, injin ma ba ya so. Famfon matsi na gidajen wankin mota yana cusa ruwa cikin delko da mahaɗan waya da gindin buji, yana kuma iya ɗaga shafen da gefensa ya riga ya fara saki. Bokiti biyu sun ishe ni, da gorar feshi ɗaya. Bokitin farko ruwa ne da ɗan sabulun ruwa mai sauƙi, na biyu ruwa zalla na ɗauraye tsumma. Duk shafa ɗaya sai tsumman ya shiga bokiti na biyu ya sauke ƙasar da ya kwaso kafin ya koma na sabulu. In ya faɗi ƙasa kuwa ya gama aiki a ranar.

Sai an fesa ruwan sabulun ya jiƙa wurin sosai, ya ɗago ƙurar da ta rage, sannan tsumma ya sauka, ba dannawa, kuma a miƙe ake ja, ba zagaye ba. Ƙyallen maikirofaiba ya fi, in babu shi tsohuwar singileti ta auduga da ta sha wanki tana yi, a yanke ɗinkin da ke gefenta. Inda baƙin mai ya daskare, can ƙasan inji da bayan fanka, gazuwal kaɗan nake ɗiba a gwangwani in bi da tsohon buroshin haƙori, ina kiyaye bel da tiyo don yana kumbura roba. Esans kam ba na yarda a kawo shi wurin. Na san shi ne a hannu, ga shi a kwalabe a bakin titi, kuma yana cire maiƙo nan da nan. Amma tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya kaiwa ga murhun mai shayi da ke gefe, wutar ta biyo shi ta dawo. Ƙyallin murfi bai kai fatar yaron mutane ba.

Bayan ɗauraya da gorar feshi, ba a barin ruwa ya bushe da kansa. Iska tukuna, ta fitar da wanda ya maƙale a gindin noti da ramin buji, sai busasshen ƙyalle mai tsabta. Ruwan rijiya da na famfo suna barin farin tabo in sun bushe, shi ya sa feshin ƙarshe da ruwan batir nake yi, wato tataccen ruwan nan da babu komai a cikinsa, ba mai asid ba. Lita ɗaya ta isa. Tabon da ya riga ya zauna, ruwan khal rabi da ruwa rabi yana ɗaga shi, a shafa a ɗauraye nan take, kada a bari ya kwarara kan alminiyom.

Tsatsar da ake gani ɗigo-ɗigo a kan kurom ba daga sama ta sauka ba. Shafen yana da ƙananan ƙofofi da tsagu da ido ba ya gani, laima ta bi ta nan ta sami baƙin ƙarfen da ke ƙasa, tsatsar ta tsattsafo waje ta bazu. Sau da yawa tabon ya fi ramin girma nesa ba kusa ba. Takardar alminiyom irin ta naɗe nama nake dunƙulewa, in tsoma a ruwa, in shafa a hankali a daidai wurin. Ta fi kurom laushi, tana kwashe tsatsar ba tare da ta ci shafen ba. Soson ƙarfe na wanke-wanke da ake sayarwa a Kasuwar Dole kada ya kusanci wurin. Yana da kaushi, kuma ɓurɓushinsa da ke maƙalewa a lungu shi ma tsatsa yake yi. In an share an ga baƙin ɗigo ya rage, ramin ne da kansa, a tsaya nan. In kuma shafen ya kumbura ya fara ɓarewa, ƙara gogawa faɗaɗa shi kawai zai yi. Sanin inda za a dakata shi ne rabin aikin, kuma shi ne ya fi wuyar koyar da yaro, don ido yana ganin saura kaɗan.

Abin da ke toshe waɗannan ƙofofi shi ne kakin mota, a shafa siriri, a bari ya yi fari, a share da ƙyalle mai laushi. Kafin damina da kafin hunturu nake sabunta shi. Da kaki a kai, ƙura ba ta kamawa sosai, iska kaɗai tana kwashe yawancinta. A nan ne nake rabuwa da al'adar da ta zama ruwan dare a wuraren wanki, ta shafe inji da baƙin mai ko man taya don ya yi sheƙi a idon mai mota. Sheƙin na awa ɗaya ne. Kafin a kai gida ƙura ta manne, ta zama taɓo, wanda za a zo a gurza gobe. Wasu har man birki suke shafa wa roba, alhali yana cin fenti. Tiyo da wayoyi jiƙaƙƙen tsumma ya ishe su.

Ni abin da ya fi burge ni a tsabtataccen inji ba kyan kallo ba ne, gaskiyar da yake faɗa ce. Bayan an kwance ledoji an mayar da batir an tayar, duk inda mai ke tsattsafowa zai nuna kansa. A wasu ƙasashe hoda suke barbaɗawa don su gano yoyo. Mu ƙurar gari ke yi mana wannan, kwana ɗaya za ka ga baƙin layi ya bi sawun man tun daga inda ya fito. A irin wannan injin murafun kan nan masu ƙyalli su ne suka fi yoyo. Ƙarfensu siriri ne, noti huɗu ne kacal ke riƙe kowane, kuma da an ga mai sai a ɗauko sifana a ƙara ɗaurewa. Ɗaurin ne ke lanƙwasa bakin murfin a wajen noti, tsakiya ta ɗaga, yoyon ya ƙaru. Gyaransa a cire murfin, a kifa shi a kan katako mai santsi da aka shimfiɗa wa ƙyalle, a daidaita bakin da ƙaramar guduma, a sa sabon juwan, wato shimfiɗar da ke tsakanin murfin da inji tana hana mai yoyo, a ɗaure notocin bi da bi da ƙarfin yatsu da ɗan ƙari. Da na yi wa na ɓangaren direba haka, gefen injin ya daina baƙi.

Bututan hayaƙi su kuma hukuncinsu daban. Ba a sa musu kaki, ƙonewa zai yi. Kafin a tayar da inji sai an share su tas da alkol na shagon magani, don sawun yatsa ko ɗigon mai in zafi ya gasa shi a kai ya zauna ke nan. Baƙar ledar nan da iska ke yawo da ita a tituna in ta manne ta narke, a jira bututun ya huce ya rage ɗumi, a ture ta da tsinken katako, ba wuƙa ba. Sai kuma launin da ke fitowa a lanƙwasar farko kusa da inji, daga ruwan zinariya zuwa shunayya zuwa shuɗi. Alhaji ya taɓa tsayawa a kaina ya ce, "Malam, wannan shuɗin ba ya fita ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, zai fita, amma da shafen zai tafi. Zafi ne ya rina ƙarfen, ba datti ba ne." Ya ce to a bar shi. Kuma barin nasa yana da amfani, don launin yana ba da labari. In bututu ɗaya ya fi ƴan'uwansa shuɗi, wataƙila silindarsa tana shan iska fiye da esans, a duba ko wuyan karburato na zuƙar iska ta gefe. In duka suka rine da sauri har ƙasa, a duba saitin wuta ko ya yi baya.

Ajiya ma tana cikin aikin. Tamfol ko leda a damina laima suke tarawa a ƙasa, da safe ka iske ƙarfe ya yi gumi. Zanen gado na auduga ya fi, kuma a cikin ɗaki, don mayafin da iska ke kaɗawa a waje da ƙura a ƙarƙashinsa shi ma zane yake yi.

Amma duk cikin kayan ƙyallin nan wanda ya fi hana ni sukuni shi ne matatar iska. Faifai ne mai faɗin inci 14, sama kurom ƙasa kurom, takardar tacewa a tsakiya a buɗe ta kowane gefe, ga injin kansa a fili yake. Toyotar da aka yi don hanyoyinmu a cikin rufaffen akwati matatarta take. Wannan kuwa duk abin da iska ta ɗauko ita yake fara samu. Layin da ƙura ta ja a bayan murfi ido kawai yake ɓata wa rai, wadda ta wuce ciki kuwa bangon silinda da zobban fistan take ci, har injin ya fara shan mai yana hayaƙi. Duk fita ɗaya a hunturu sai na duba takardar. Ba a wanke ta da ruwa. A bubbuga ta a hankali, a hura daga ciki zuwa waje da iska maras ƙarfi, a ɗaga ta a rana a duba. In haske ya ratso ta wata ƴar huda, ta tashi aiki. A duba robar sama da ta ƙasa ko sun zauna daidai, da zoben da ke tsakanin faifan ƙasa da bakin karburato, don in na ga ƙura a cikin maƙogwaron karburato na san ta wani gefen ta bi, ba ta takardar ba.

Na roƙi Alhaji ya gaya wa ɗansa ya aiko da takardun matata na canji, da rigar soso da ake sa mata ta waje don ta tare manyan ƙwayoyi, da juwan na murafun kai. Ya ce za a haɗo su a kaya na gaba. Kafin su iso mun yi da shi cewa duk ranar da hazo ya sauko har ba a hango duwatsun unguwar Birni daga nesa, motar a gida za ta wuni.